Shagon tela, makaranta ko lokeshan: ta ina ɗan ƙauye zai shiga sana'ar shirya suturar 'yan fim?

Daren da sakamakon jarrabawar 'yar ƙanwata ya fito, ta same ni a shago bayan isha'i ina kafa wuyan wata jamfa da fitilar waya, don rabonmu da wutar lantarki an kwana huɗu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi shiru tana murza bakin hijabi. Can ta ce, "Kawu, ni fa ba a ɗinkin Sallah da na biki nake so in ƙare ba. So nake in zama mai shirya wa 'yan fim kayan da za su sa." Sunan mahaifiyarmu ta ci, don haka na ce, "Uwata, zauna. Wannan magana ba ta tsaye ba ce."

Ni tela ne a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim. Na haura shekara ashirin a kan keke, kuma a tsakiyar waɗannan shekaru na yi kusan huɗu ina bin 'yan fim a Kano da buhun kaya a ka. Abin da na gaya mata a daren shi zan shimfiɗa a nan, domin na san akwai irinta da yawa daga Gumel har Rano, maza da mata, masu kallon shiri a waya idonsu na kan rigar jarumi fiye da bakinsa.

Da farko a raba gari da tsaki. Tela yana ɗinka wa mutum abin da zai fito da shi fes. Mai shirya sutura, wanda a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ake kira mai kostum, yana zaɓa wa mutumin cikin labari abin da zai tona ko shi wane ne tun bai buɗe baki ba. Wani lokaci aikinsa shi ne ya ɓata kaya. Da kunya na koyi wannan.

Aikina na farko, an ce in kawo kayan wani manomi da bashi ya yi wa katutu, zai je gaban mai gari neman alfarma. Na kwana ina ɗinka masa riga da wando na farin yadi, na sa sitati, na goge da dutsen gawayi har kari ya tsaya kamar wuƙa. Da jarumin ya fito, darakta ya dube shi sama da ƙasa, ya juyo ya ce, "Malam tela, wannan manomi ne ko ango?" Wuri ya kece da dariya. Wata dattijuwa da ke riƙe da kayan mata ta ja ni gefe, ta sa aka dafa mata shayi mai kauri ba madara. Ta tsoma rigar ta matse, ta dirza wuyan da gwiwar wandon a kan dutse, ta shafa toka da jar ƙasa a kafaɗar dama inda ƙotar fartanya ke zama, ta tsinke maɓalli ɗaya ta mayar da wani mai launi daban. Kafin a idar da sallar azahar rigar ta tsufa da damina uku. Abin da ya fi cina shi ne, ainihin irin wannan riga tana rataye a ɗakin mahaifina tun ina yaro. Na san ta sarai. Ban dai taɓa ɗauka cewa wannan sani abin sayarwa ba ne.

To, sana'ar tana son hannu mai iya yanka da ɗinki, tana son ido mai karanta mutum da labari, tana kuma son wanda zai buɗe maka ƙofa. Ban ga hanya ɗaya da ke ba da ukun tare ba, shi ya sa zaɓin yake da wuya.

Mu fara da ta gida, shagon tela. Ita ce mafi arha, ita ce kuma wadda iyaye ba sa jayayya a kanta. Mahaifi ya kai yaro wurin maigida, ko uwa ta haɗa 'yarta da wata mai ɗinki a cikin gida, a yi shekara biyu zuwa uku. Watannin farko guga ne da aike da sa maɓalli da kalmasa, sai daga baya a ba ka hannun riga, almakashi kuwa shi ne na ƙarshe. Abin da za ka kwasa a nan babu makarantar da za ta ba ka shi da irin wannan zurfi. Yatsunka za su san yadda shadda ke tsayawa, yadda boyel ke zubewa, yadda leshi ke cin allura. Za ka san abin da turmin atamfa mai yadi shida zai iya fitarwa da abin da ba zai iya ba. Za ka koyi sauri, don wanda ya ga daren jajibirin Sallah a shagon tela, mutum takwas na zaune a benci kowa na cewa nasa ne a gaba, ihun darakta ba zai girgiza shi ba. Kuma tun kana koyo kana samun na sabulu.

Amma shago yana da iyaka, ni da na fito daga cikinsa nake faɗa. Yau yawancinmu kwaikwayo muke: mai kaya ya miƙo waya ya ce "irin wannan", mu ɗinka. Ba mai tambayar ka dalili. Ba a koya maka zane a takarda, ba a ba ka labari a ce ka fito da kayan mutum goma sha biyar daga cikinsa. Tsoffin ɗinkuna ma suna ɓacewa. Ka tara samarin teloli goma ka ce su yanka maka wando buje ko kufta, ka ga yadda za su kalli juna. Wani maigidan kuma rowar yanka gare shi, sai ka fita cin abinci yake shimfiɗa yadi. Saboda haka duk wanda zai bi wannan hanya da niyyar fim, kada ya zaɓi shagon da ya fi cika da samari da kiɗa. Ya nemi tsohon da har yanzu yake yanka babbar riga, wanda ya san bambancin aska biyu da aska takwas. In ya samu sarari ya je Kura ya ga rini da bugu, ya je ƙasar Minjibir ya nemi masaƙa, ya leƙa marinar Ƙofar Mata da aka ce tana nan tun 1498. Mai son takarda a hannu kuma zai iya yin jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki uku, ko ya rubuta NABTEB, jarrabawar ƙasa ta sana'o'i da kasuwanci. Abin da shagon ƙauye ba zai taɓa ba ka ba shi ne ƙofa. Za ka iya shekara talatin kana ɗinkin da ya fi na birni, babu furodusan da ya san kana duniya.

Sai makaranta, ita kuma reshe biyu ce, kuma mutane na haɗa su alhali ba ɗaya ba ne.

Reshen farko shi ne foliteknik. Ta Jihar Kano da ta Kaduna duk suna da sashen koyar da zane da ɗinkin tufafi. Shekara biyu ka samu ƙaramar difloma, ka fita shekara guda ta sanin makamar aiki, in kana so ka koma wasu biyu don babbar difloma. A nan ne ake koyon abin da mu 'yan shago muke yi da ka: auna jiki a fitar da samfurin riga a takarda kafin a taɓa yadi, zana mutum da kayansa, sanin zare da launi. Wanda ya iya wannan zai iya ɗinka rigar da bai taɓa gani ba sai a hoto, wannan kuwa shi ne rabin aikin fim ɗin tarihi. Sai dai darasin ya fi karkata ga kayan yayi da kasuwa, ba ruwansa da labari.

Reshe na biyu jami'a ce, sashen wasan kwaikwayo. Akwai shi a Bayero a Kano, akwai shi a Ahmadu Bello a Zariya, inda suke da dandalin wasa da aka gina da ƙasa irin ginin Hausa. A Jos kuma akwai cibiyar koyon aikin fim ta ƙasa, wadda ke ƙarƙashin hukumar fina-finai ta tarayya. Digiri shekara huɗu ne in an yi sa'a. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata takwas cur. A nan ido ake wasawa. Za a ba ka wasa ka karanta, ka rarraba shi fitowa-fitowa, ka rubuta wane ne zai sa me, a wace rana ta labarin, da wane dalili. Za ka san yadda fitila ke sauya launi, yadda farin yadi ke haske a kyamara har ya cinye fuskar mutum. Ba ƙaramar hanya ba ce. Ruth Carter ta Amurka, wadda ta ci kyautar Oscar ta shirya sutura a 2019 ta sake ci a 2023, daga wasan kwaikwayo na jami'a ta faro. Amma sutura darasi ne guda cikin darussa da yawa, kuma na haɗu da masu digiri da za su yi maka bayanin riga na awa ɗaya, ka miƙa musu allura su rasa ta ina ake zura zare. Akwai kuma wani tarko da ke kama 'ya'yan ƙauye: ban da kiredit biyar, sashen wasan kwaikwayo yakan nemi darasin adabin Turanci, makarantar garinmu kuwa ba ta da malaminsa. Yaro sai ya zo cike fom ɗin JAMB yake jin labari.

Kuɗi fa? Kada a tsaya kan kuɗin rajista kawai. A lissafa wurin kwana, abinci, motar zuwa da dawowa, da yadin gwaji da ɗalibi zai riƙa saye daga aljihunsa kusan kowane mako. Gidan da ke jiran kaka kafin ya ga kuɗi a dunƙule, wannan ƙaramin kashe-kashen na kullum shi ke karya shi. Gaskiya ɗaya kuma: a Kannywood ban taɓa ganin an tambayi mai kostum takardarsa ba. Inda take amfani shi ne gidan talabijin, hukumomin raya al'adu, koyarwa, da manyan ayyukan da ake zuwa da su daga Legas ko Abuja, masu son a turo musu zane da lissafi a rubuce.

Hanya ta uku ita ce wadda zuciyar kowane matashi ke so, wato a tattara a tafi Kano a faɗa lokeshan. Tun fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, akasarin masu wannan aiki ta nan suka shigo. Ana farawa ne da zama yaron mai kostum. Kai ne ɗaukar jakar bakko, kai ne wanki da guga, kai ne zagayen Kantin Kwari neman yadin da ya dace, kai ne tonon dilar gwanjo a Ƙofar Wambai neman tsohuwar kwat ɗin da wani malamin makaranta zai sa. A wata shida za ka san abin da littafi ba ya faɗa. Misali, ba a ɗaukar fim a jere. Mace za ta fita daga ɗaki ranar Talata, a ɗauki isowarta tsakar gida ranar Asabar a wani gari daban, mai kallo kuma ya ga taku uku ne tsakani. Na taɓa ba da wani kallabi wanki a tsakanin irin waɗannan ranaku, aka dawo da shi ya koɗe, ga shi babu na biyu. Mutum ashirin suka zauna a rana suna jirana ina zaga kasuwar ƙauye da ƙyalle a hannu. Tun ranar na sayi littafi, kowace fitowa in rubuta har ɓangaren da aka karkata hula, in ɗauki hoto, kuma duk kayan da za a jiƙa ko a yaga sai na tanadi biyu.

A lokeshan ne kuma za ka san dokar wurin. Jihar Kano tana da hukumar tace fina-finai tun 2001, kuma sutura na cikin abin da take sa wa ido. Rigar da ta matse ko mayafin da ya zame zai iya sa a yanke fitowa guda, asarar kuma a kanka za a juye ta. Mai son ya daɗe a harkar ya yi rajista, ya shiga ƙungiyar masu sana'ar, kada ya zama ɗan rakiya.

Yanzu ga ɗacin. A fina-finan birni da yawa, jarumai da kayansu suke zuwa, kowa na son a gan shi cikin sabuwar gezna ko da a labarin an kore shi daga aiki. Shagunan kaya da manyan teloli kuma suna ba da sutura kyauta don a rubuta sunansu a ƙarshen shiri. Tsakanin waɗannan biyun, sau da yawa mai kostum yakan koma mai gadin jaka. Inda aikin ke da nama shi ne fim ɗin ƙauye, na sarauta da tarihi, da shirye-shirye masu dogon zango irin waɗanda suka yawaita bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014 da komawar kasuwa YouTube bayan mutuwar faifai. Biya kuwa ba shi da rana. Wani furodusa, ba zan kama suna ba, ya sa na aro alkyabba daga gidan wani mai sarauta da sunana, aka ɗiga mata manja a wurin cin abinci, ya ce in yi haƙuri sai fim ya fita. Fim ya fita, ya tsufa. Akuyar matata ce ta biya alkyabbar. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Harkar kanta ma takan tsaya cak: a 2007 an dakatar da ɗaukar fim a Kano na watanni, a 2016 kuma alƙaryar fim da gwamnatin tarayya ta shirya ginawa a Kofa ta ƙasar Bebeji ta sha ruwa bayan suka daga malamai. Duk lokacin da irin haka ta faru, wanda ya iya keke yana komawa kan kekensa. Wanda guga da ɗaukar jaka kaɗai ya iya, sai dai ya nemi kuɗin motar gida.

Ga 'ya mace akwai ƙarin nauyi, ba kuma zan ɓoye ba. Aiki yakan kai dare, wani lokaci a kwana a wani gari, kuma kowa ya san abin da bakin mutanen ƙauye ke faɗa a kan 'yan fim, da gaskiya da ƙarya. Wadda ba ta da gidan dangi a birni da babbar mace da za ta tsaya mata a wurin aiki, ban ba ta shawarar ta fara ta nan ba. Sai dai ana buƙatar mata sosai, domin namiji ba zai shiga ɗakin da jarumai mata ke sauya kaya ba.

Horon wata uku da ake yi a raba kekuna a ɗauki hoto, a karɓi keken, yana da amfani, amma kada a kira shi koyon sana'a. Bidiyon koyarwa a waya ma haka, yana ƙara wa mai hannu, ba ya yi wa marar hannu komai.

Akwai wata ƙofa da ke gabanmu muna tsallake ta. Kusan kowane babban gari yanzu akwai samarin da ke ɗaukar barkwanci da waya, ga wasan makaranta, ga tashe in azumi ya kai goma, inda yaro ke manna gemun auduga ya cusa tsumma a ciki ya zama tsoho. Wannan shirya sutura ne, ba wani abu ba. Ka ce za ka riƙe musu kaya kyauta, ka ɗauki hoton kowane aiki ka adana. Ranar da ka tsaya gaban darakta, waɗannan hotuna za su yi maka magana fiye da rantsuwa. Ga kuma hawan Sallah. Jigawa kaɗai masarauta biyar gare ta, Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim, kowacce da hawanta, ga na Kano da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Kowane hakimi yana son tawagarsa ta fita daban, daga mahaya har dogarai da 'yan lifidi. Mai ɗinka waɗannan kaya yana da kasuwar da ba ta jiran furodusa, kuma ranar da za a yi fim ɗin sarauta shi za a zo nema har gida.

In aka ce in auna su, ga yadda nake gani. Wanda ba shi da takardar sakandare ko gidansu ba hali, ya kama shago, ya zaɓi maigida da kyau, ya riƙe 'yan wasan garinsu, sai hannunsa ya nuna sannan ya leƙa Kano, kuma ko ya tafi kada ya sayar da keke, kada a yi sakin na hannu kamun na guje. Wanda ya riga ya iya ɗinki kuma yana da kiredit, foliteknik ta fi masa, don gajera ce kuma shekarar sanin makamar aiki za ta iya zame masa ƙofar lokeshan. Jami'a ta mai son karatu ce da gaske, wanda ke hangen talabijin ko koyarwa ko aiki har wajen Arewa, da sharaɗin duk hutu a gan shi a kan keke. Tafiya lokeshan kai tsaye ba sana'a a hannu ita ce ta fi kowacce saurin kai mutum gaban kyamara, ita ce kuma na fi ganin ta dawo da mutane gida ba ko sisi. Ita na fi tsoro.

Uwata tana da kiredit shida, babu adabin Turanci, ta kuma yi shekara biyu tana ɗinki a ɗakin mahaifiyarta. Mun tsaya a kan foliteknik ta Kano, ta zauna wurin gwaggonta, in mahaifinta ya sa albarka. Kafin nan na ba ta aiki. Na ce ranar kasuwa ta tafi da littafi, ta zaɓi mutum goma da ba ta sani ba, ta rubuta abin da kowa ya sa, ta gaya mini ko wane ne.

Da la'asar ta dawo da shafi huɗu. Na bakwai shi ya tsayar da ni. Ta rubuta: dattijo, babbar riga ta shadda mai tsada amma aikin wuyan ya fara tsinkewa, an bi shi da zaren da bai yi daidai da na asali ba, hula sabuwa, takalmin roba, yana taya buhun gero yana waige kada a gan shi. A ƙasa ta sa, "Ya taɓa yin kuɗi. Hular ba shi ya saya ba, ba shi aka yi."

Na tambaye ta yadda aka yi ta san hular kyauta ce. Ta ce, "Kawu, ta yi masa yawa. Sau uku yana tura ta baya."